A Mayar Da Wake Cikin Kunyar Gero Da Dawa

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta nufi Maiyama cikin watan Afrilu, ba ya bukatar malamin gona ya gaya masa halin da gonakin tudu suke ciki. Ƙasa ce tsirara dama da hagu, ba kara, ba ganye, ba ciyawa, sai rairayi da iska take kwasa tana tarawa a gindin geza. Haka za ta zauna wata shida ko bakwai rana tana dukanta, har ruwan farko ya sauka cikin Mayu ko Yuni ya wanke ɗan abin da ya rage a samanta ya zuba cikin kwazazzabai. A kan wannan ƙasa ce ake sa ran dubban magidanta za su shuka gero da dawa su ci da iyalansu shekara guda, kuma a kanta ne kowace damina ake kukan cewa taki ya yi tsada, ko bai iso da wuri ba, ko ya iso amma ya tsaya a hannun waɗanda ba su da gona.

Kukan taki tsohon kuka ne. An yi shi zamanin shirin Ciyar Da Ƙasa na 1976, aka sake yinsa zamanin shirin Juyin Noma na 1980, aka yi shi tun ƙasar nan tana cikin Jihar Sakkwato, kuma aka ci gaba da yinsa bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006 suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2015 kowace hekta za ta riƙa samun kilo 50 na sinadarin taki, alhali a lokacin abin da take samu bai wuce kilo 8 ba. 2015 ta zo ta wuce ba a cika alkawarin ba. An gina masana'antun yuriya manya-manya a kudancin ƙasar nan, ciki har da na Dangote da aka buɗe a Legas cikin Maris 2022, amma yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke cikin Fabrairun shekarar, da janye tallafin man fetur a Mayu 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun sa buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Lalle ne gwamnati ta ci gaba da ƙoƙarinta na sayo taki da rarraba shi bisa adalci. To, amma fa duk wanda ya lura da tarihin nan na shekara kusan hamsin zai gane cewa abin da ake sayowa da kuɗin waje, a ɗauko shi a mota daga bakin teku, ba zai taɓa zama shi kaɗai ne abin dogaron manomin Sambawa ko na Sabiyal ba.

Akwai wani taki da ba ya zuwa a mota. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da kowa yake shaƙa sinadarin naitirojin ne, watau shi wannan sinadari da manomi yake biyan kuɗi domin sa idan ya sayi yuriya. Buhun yuriya mai kilo 50 kilo 23 ne na naitirojin a cikinsa. Gero da dawa da masara ba su da ikon ɗibarsa daga iska. Wake da gyaɗa da kwaruru da waken soya suna da wannan iko, da taimakon waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda suke zama cikin ƙululun da ke jikin saiwarsu. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka tabbatar da haka a 1886. Manomi yana iya gwadawa da kansa ba tare da wani ɗakin bincike ba: ya tumɓuke wake guda lokacin da ya fara fure, ya fasa ƙululun saiwarsa da farce. In ya ga cikinsa ja-ja ne, aiki yana gudana. In fari ne ko kore, to, waken nan ci yake yi daga ƙasa kamar kowace shuka.

Kakannin mutanen Jega ba su san sunan Hellriegel ba, amma sun san cewa gonar da aka yi wake a cikinta bara geronta ya fi kyau bana. Shi ya sa suke shuka gero da ruwan farko, bayan an yi noma su bi tsakanin kunyoyi da wake mai yaɗo irin su kanannado, wanda in an girbe gero sai ya shimfiɗa ya rufe ƙasa har cikin Nuwamba. Na wajen Kano da Zariya kuma suna da tsarin gicci, inda ake ratsa gonar gyaɗa da layukan hatsi jefi-jefi. Shekaru da yawa ma'aikatan gona na zamanin Turawa da na farkon mulkin kai suna yi wa wannan noma kallon ci baya, suna kira ga talakawa su ware kowane iri gonarsa. Sai da David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka zauna cikin ƙauyuka a shekarun 1960 da 1970 suna auna aiki da amfani da kuɗi, sa'an nan aka yarda a rubuce cewa manomin da ya haɗa iri ya fi wanda ya ware samun riba, kuma ya fi shi tsira a shekarar da ruwa ya yi gardama. Fari na 1972 zuwa 1974 ya ƙara tabbatar da haka ga wanda yake da sauran shakka.

A ƙasashen da suke noman layi da injuna, an daɗe da komawa ga wannan hikima ta wata ƙofa. Manomin masara na Amurka yakan shuka wata ciyawa, wani lokaci dangin wake, bayan girbi, ba domin ya ci ko ya sayar ba, sai domin ta rufe ƙasa lokacin sanyi, in bazara ta zo ya kashe ta ya shuka masara cikin ragowarta. Ƙidayar aikin gona ta Amurka ta nuna eka miliyan 15 da ɗoriya a ƙarƙashin irin wannan shuka a 2017, ta kai wajen miliyan 18 a 2022, kuma gwamnatinsu tana biyan manoma wani abu domin su yi. Nan kusa ma, a lardin Mono na Jamhuriyar Benin, an kai wa manoma irin ƙarara marar ƙaiƙayi a 1987, dubbai suka karɓa cikin 'yan shekaru, galibi saboda tana danne tofa da ta hana su noma. Labarai irin waɗannan su ne suke burge baƙin masana da masu rubuta takardun neman tallafi, har wani lokaci a ji ana cewa a kawo wa manoman Arewa shukar rufe ƙasa kamar yadda ake yi can.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Kudancin Benin damina biyu gare shi a shekara, manomi yana iya sadaukar da ta biyun ga ƙarara. Manomin Amurka yana da shinge, kuma ba garken da zai shiga gonarsa. Ƙasar Aliero da Jega kuwa damina ɗaya ce, wata huɗu in Allah ya sa ta yi kyau, gonar magidanci ba ta da yawa, kuma tun da jama'a suka ƙaru aka daina barin saura. Wanda ya ce wa mai 'ya'ya takwas ya ba da kashi ɗaya cikin uku na gonarsa ga shukar da ba a ci ba a sayarwa, ba zai sami mai saurarensa ba, kuma manomin ne yake da gaskiya. Ko da ya yarda ya shuka, da zarar an saki gonaki cikin Disamba dabbobi za su cinye rufin ƙasar kafin ya yi aikin da aka shuka shi dominsa. An ga makamancin haka a yankin Kachiya a shekarun 1980, inda masu binciken kiwo suka kafa wa makiyaya killatattun filayen wata ciyawa dangin wake: ciyawar ta yi kyau, shanu sun amfana, hatsin da aka shuka a wurin daga baya ya yi albarka, amma kuɗin shinge da gobarar daji da rashin tabbacin mallakar fili suka taƙaita yaɗuwar abin. Shukar rufe ƙasa da za ta zauna a Maiyama dole ta kasance wadda take ba da ƙwaya a tukunya, da harawa a kan rufin soro, sa'an nan ta bar wani abu a ƙasa.

Irin wannan shuka tana nan, kuma an riga an gwada yadda za a tsara ta cikin noman layi. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta buɗe reshe a Kano a 1990, inda Dokta B. B. Singh da abokan aikinsa suka fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na ingantaccen wake. Dalilinsu mai sauƙin fahimta ne. A tsarin gargajiya wake yana zaune cikin inuwar dawa, an shuka shi tsilla-tsilla, abin da yake bayarwa kaɗan ne, kuma ba a iya yi masa feshi ba tare da an ɓarnatar da magani a kan kara ba. In aka ba shi layukansa huɗu yana samun rana, ana shuka shi da kauri ya rufe ƙasa da wuri ya danne ciyawa, ɗan takin da manomi ya samu sai ya zuba wa layukan hatsi kaɗai, magani kuma ya tafi kan wake kaɗai. Shekara mai zuwa a matsa da layukan, hatsi ya hau inda wake ya tashi. Manoma da dama a jihohin Kano da Kaduna sun gwada sun ga bambanci. Gaskiya ne kuma cewa waɗansu sun ja da baya domin suna ganin layukan hatsi sun yi kaɗan, rumbu ba zai cika ba. Wannan tsoro ne na mai hankali, kuma amsarsa ita ce a bar kowane manomi ya daidaita yawan layukan da bukatar gidansa, kada a ɗaure shi da lissafin takarda.

Akwai kuma maganar ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta. Duk inda aka ga furensa ya cika gonar dawa, shaida ce ƙasar ta gaji. Tushe guda yana zubar da dubun dubatar ƙwayoyin iri, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar hatsi. Waɗansu irin waken soya da na gyaɗa da na wake suna fitar da ruwan da yake yaudarar irin ƙuduji ya tsiro, sai ya rasa abin da zai kama ya mutu. Sauya hatsi da irin waɗannan shekara bayan shekara yana rage shi a hankali, ko da yake ba ya kawar da shi a damina ɗaya. Shi ma wake yana da nasa ƙudujin daban, amma Cibiyar Samaru, wadda take wannan aiki tun 1922, ta saki irin da ba ya kamuwa da shi, kamar SAMPEA 10, kana cikin Disamba 2019 aka saki SAMPEA 20-T wanda yake jure tsutsar da take huda fure da kwanso. Iri yana nan a hannun masana. Tambayar ita ce ko nawa ne daga cikinsa ya taɓa isa kasuwar Jega cikin watan Yuni, a ƙulle cikin leda mai shaida, a farashin da talaka zai iya.

Wani abin da masu yabon wake ba su cika faɗi ba shi ne, yawancin naitirojin da ya tara yana cikin ƙwayarsa da ganyensa. In an tsince wake an kai kasuwa, an tumɓuke harawa an ɗaure an ɗora a amalanke, abin da ya rage wa gona saiwa ce da ɗan ganyen da ya kaɗe. Harawa kuwa a ƙasar nan kuɗi ce tsaba. Mai kiwon ragon layya a cikin gari zai saye ta ko nawa ne a ƙarshen rani, kuma ba mai ikon cewa manomi ya bar ta ta ruɓe a ƙasa. Hanyar da harawa take komawa gona ita ce ta cikin dabba. In tumakin gida da awaki da shanun huɗa ne suka ci, aka tara kashinsu a turke aka kwashe shi zuwa gona kafin ruwa, albarkar ta dawo inda ta fito. In kuwa motar kaya ce ta kwashe ta zuwa wani birni, to, an sayar da ƙarfin gonar ne tare da ita. Da can akwai yarjejeniya tsakanin manomi da Bafillace: a kafa mashekari a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a sallami makiyayi da damin hatsi. Rikici da rashin yarda sun raunana wannan al'ada a wurare da yawa, kuma ƙasar noma tana cikin waɗanda suka yi asara ko da ba ta iya kai ƙara. Hakimai da dagatai da arɗo-arɗo na ƙasar Gwandu suna da aiki a nan wanda ba wata ma'aikata da za ta yi musu shi: su tsayar da ranar sakin gonaki da za ta ba wake mai yaɗo damar nuna, su tsare burtali kada a nome shi, su kuma hukunta wanda ya karya ko manomi ne ko makiyayi.

Sa'an nan wake ba ya aiki da yunwa. Ƙululun saiwarsa ba sa yin kirki a ƙasar da ba ta da sinadarin fosfaras, kuma jigawar yankin nan tana da ƙarancinsa ƙwarai. Takin da wake da gyaɗa suke so shi ne sufa, wanda tsofaffin manoman gyaɗa suka sani sarai tun zamanin dalar gyaɗa, kafin cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya noman. An gina masana'antar sufa a Kaduna a shekarun 1970, kuma akwai dutsen fosfat kwance a ƙarƙashin ƙasar Sakkwato. Duk da haka in ana maganar rabon taki, kamfa da yuriya kaɗai ake ambata, kamar dai shinkafa da masara ne kawai amfanin gona.

Haka nan maganin ciyawa, wanda ya shigo ya sauƙaƙa wa manomi wahalar noma, yana nema ya kori wake daga cikin hatsi ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba. Maganin atrazine da ake fesa wa masara da dawa yana kashe wake da gyaɗa, kuma yakan jima a ƙasa. Saurayin da ya goya tankin feshi yana bin gonaki ana biyansa ba shi da wanda ya koya masa wannan, mai sayar da maganin a rumfar kasuwa kuma cinikinsa ne a gabansa. Manomi ya fesa, waken da ya shuka ya ƙone, ya ce wake ba ya yi a gonarsa, shekara mai zuwa ya bar shi.

Tun daga Nuwamba 2015, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a jihar nan, sunan Kebbi ya tafi tare da shinkafa, kamar yadda sunan Aliero ya daɗe tare da albasa. Wannan abin alfahari ne, kuma ya shigar da kuɗi gidaje masu yawa. Amma ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa a fadamun jihar har da na Jega, ta tuna wa kowa cewa ranar da fadama ta nutse, rumbun geron tudu ne yake riƙe gida. Ita kanta fadamar tana da wurin wake, domin wake mai saurin nuna, na kwana sittin zuwa saba'in, yana iya shiga bayan an yanke shinkafa ya ba da harawa ɗanya a lokacin da ta fi tsada. Manoman albasa ma, waɗanda suke maimaita shuka guda a fili guda suna ƙara taki kowace shekara, sun cancanci a gwada musu a gaban idonsu abin da damina ɗaya ta wake ko gyaɗa za ta yi wa filin.

Wanda zai yi wannan gwaji yana nan a tsakiyar yankin. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da sashen aikin gona, tana kuma da gonar gwaji a fadamar Jega. Abin da aka auna a Kano da Samaru jagora ne kawai. Ruwan Aliero da ƙasarta daban ne, kuma har yanzu manomin Andarai yana da haƙƙin a gaya masa da harshensa wane irin wake ne ya dace da geronsa, layi nawa, kwana nawa bayan shukar hatsi, da kuma ko waken soya zai nuna a gonarsa ko sai an gangara kudu. Amsar da ta tsaya cikin kundin digiri a kan kanta ba ta kai ga wanda ake bincike dominsa ba. Wajibi ne jami'ar da Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta jiha su kafa gonakin nuni a gefen hanya a kowace gunduma ta ƙananan hukumomin uku, a gonar manomi, da hannun manomi, rabi bisa yadda ya saba rabi bisa sabon tsari, a auna amfanin a gaban jama'a ranar girbi, har da nauyin harawa, a maimaita shekara uku domin a ga abin da ya faru da hatsin da ya biyo baya. Kuɗin wannan aiki bai kai na 'yan motocin taki ba, kuma shirin Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa, wanda aka amince da shi a Disamba 2021 kan dala miliyan 700, an yi shi ne domin irin wannan.

Manomi ba zai ƙara yawan wake ba sai ya tabbata zai iya ajiye shi. Ƙwaro yana cinye wake cikin 'yan watanni, shi ya sa ake sayar da shi da arha a kaka, ko a zuba masa guba, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, ban da cutar da yake yi wa masu cinsa a gida. Buhu mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska ba tare da magani ba. Ya kamata Ma'aikatar Aikin Gona ta haɗa shi cikin kayan da take rarrabawa, tare da irin wake mai shaida da takin sufa, a kai su Jega da Aliero da Maiyama kafin ƙarshen watan Mayu, a kuma buga sunayen ƙauyukan da suka samu da adadin da kowanne ya karɓa.